Kwamitin Magunguna na Asibiti da Majinyacin Karkara: Nazari daga Utai, Ƙaramar Hukumar Wudil

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci aikin kwamitin magunguna na asibiti, wato zaman likitoci da masana harhaɗa magunguna da ma'aikatan jinya da ke zaɓar magungunan da asibiti zai saya, yake kuma sa ido kan yadda ake rubuta su. An ɗauki Utai, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Wudil a jihar Kano, a matsayin farfajiyar nazari, domin a ga yadda hukuncin da aka yanke a babban asibiti yake isa ga majinyacin ƙauye. An dogara da dokokin magani na Nijeriya, da jagororin Hukumar Lafiya ta Duniya, da binciken da aka riga aka wallafa, musamman wanda aka yi kan shigo da magnesiyam salfet asibitocin jihar Kano a 2008. Nazarin ya nuna cewa jerin magunguna na ƙasa da siton jiha suna fayyace abin da ya halatta a saya ne, ba sa iya gyara alƙalamin mai rubuta magani. Hujjar maƙalar ita ce kwamiti ba ya tasiri sai yana da faɗa a ji kan kuɗin sayen magani, yana auna takardun magani a kai a kai, kuma huruminsa ya haɗa da ƙananan asibitocin da ke turo masa majinyata.

Fitilun kalmomi: kwamitin magunguna, kundin magunguna, asusun jujjuya kuɗin magani, Utai, Wudil.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1985 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara masana a Nairobi, suka fitar da ma'aunin amfani da magani bisa ƙa'ida: majinyaci ya samu maganin da ya dace da cutarsa, a adadin da ya dace da jikinsa, na tsawon kwanakin da suka kamata, a farashin da ya fi sauƙi gare shi da al'ummarsa. Ƙiyasin hukumar daga baya shi ne fiye da rabin magungunan da ake rubutawa ko ake bayarwa ko ake sayarwa a duniya ba sa cika wannan ma'auni, kuma rabin majinyata ba sa shan maganinsu yadda aka umarce su.

Idan ana zancen matsalar magani a Kano, hankali yakan tafi ga jabu da kuma shaye-shaye. Dalilin haka a fili yake. Shekarun shugabancin Dora Akunyili a NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, daga 2001 zuwa 2008, sun sa kowa ya san zancen jabun magani, sannan haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 ya ƙara jawo ido ga kasuwa. Amma akwai ɓarnar da ba ta da ruwa da jabu. Magani mai kyau ne, mai lambar NAFDAC, likita ko malamin asibiti ya rubuta shi da hannunsa, sai dai majinyacin ba ya buƙatarsa, ko akwai wanda ya fi shi sauƙin kuɗi da zai yi aiki iri ɗaya, ko an rubuta biyar a inda biyu suka wadatar. Ɗan sanda ba ya kama wannan, NAFDAC ma ba huruminta ba ne. Kafar da aka tanada domin magance shi tana cikin asibitin kansa, ita ce kwamitin magunguna.

Tambayar da wannan nazari ya sa a gaba ita ce: wane amfani irin wannan kwamiti, wanda aka ƙirƙira domin manyan asibitocin birni, zai yi wa mutumin Utai, wanda yawancin maganin da yake sha ba a babban asibiti aka rubuta masa ba?

2.0 Farfajiya da hanyar nazari

Wudil tana kudu maso gabashin birnin Kano, tazarar kimanin kilomita 40, a kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum 185,189. A cikinta akwai babban asibitin gwamnati, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, da Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda, ga kasuwar Juma'a da karar shanunta da ke tara mutane daga jihohi da dama. Utai mazaɓa ce ta manoma da makiyaya. Marar lafiya a irin wannan wuri yana da matakai da ya saba bi: kemis ko mai tallan magani, sai ƙaramin asibitin matakin farko, sai Wudil idan abin ya ci tura, daga nan kuma sai Kano, Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Nazarin na takardu ne. An bi dokoki da manufofin ƙasa, da jagororin Hukumar Lafiya ta Duniya, da sakamakon binciken da masana suka wallafa, aka auna su da wannan tsani da majinyacin Utai yake hawa.

3.0 Asalin kundi da kwamiti

Tunanin cewa asibiti ya tsaya kan zaɓaɓɓun magunguna tsoho ne. Sabur bn Sahal, likitan Jundishapur da ya rasu a 869, ya rubuta kundin haɗa magunguna wanda asibitoci da shagunan magani na Bagadaza suka yi aiki da shi ƙarnuka, har aka maye gurbinsa da na Ibn al-Tilmiz, wanda ya rasu a 1165. A Amurka, Asibitin New York ya fitar da kundinsa a 1816, kuma a cikin ƙarni na 20 ne aka mayar da kwamitin magunguna sharaɗin amincewa da asibiti a can.

Ga ƙasashe irin namu, shekarar da ta fi muhimmanci ita ce 1977, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin muhimman magunguna na farko, mai ɗauke da magani ɗari biyu da 'yan kai. Ana sabunta shi duk bayan shekara biyu. A 2002 hukumar ta lissafa matakai goma sha biyu na gyara amfani da magani, ta sa kwamitin magunguna na asibiti da na gunduma a cikinsu, sannan a 2003 ta wallafa jagoran aikin kwamitin, wanda Kathleen Holloway da Terry Green suka tsara. Jagoran ya ɗora wa kwamitin zaɓen magungunan kundi, da tsara ƙa'idojin jiyya, da binciken yadda ake rubuta magani, da bin diddigin illolin magani da kurakuran bayar da shi, da ilimantar da ma'aikata. Bisa al'ada babban likita ne shugaba, masanin harhaɗa magunguna kuma sakatare.

Misalin da ake yawan kafa hujja da shi shi ne na Istokholm a ƙasar Suwidin. Tun 2001 kwamitin yankin yake fitar da jeri mai kimanin magani 200, kuma mafi yawan abin da likitocin yankin suke rubutawa daga cikinsa yake fitowa, ba tare da doka ta tilasta musu ba. Abin da ya jawo haka shi ne manyan likitocin da ake ganin girmansu su ne suke zaɓen, ana tilasta musu bayyana duk wata alaƙa da kamfanonin magani, kuma ana mayar wa kowane asibiti alƙaluman abin da ya rubuta. A Afirka, manufar magunguna ta Afirka ta Kudu ta 1996 ta tanadi kwamitoci a matakin lardi da gunduma da asibiti. Wannan tsari na gunduma shi ya fi kusa da buƙatar Wudil, kuma za a dawo kansa.

4.0 Abin da Nijeriya da Kano suka tanada

Nijeriya ba ta makara wajen doka ba. Dokar soja mai lamba 43 ta 1989 ta kafa kundin magunguna na ƙasa da jerin muhimman magunguna. Manufar magunguna ta ƙasa ta fito a 1990, aka sabunta ta a 2005, aka sake a 2021. Dokar soja mai lamba 15 ta 1993 ta kafa NAFDAC. Ƙa'idojin jiyya na ƙasa sun fito a 2008, bugu na biyu a 2016. A jihar Kano, hukumar DMCSA ce ke saye da rarraba magunguna ga asibitocin gwamnati. Hukumar Kula da Asibitoci tana riƙe da manyan asibitoci irin na Wudil. Hukumar Lafiya Matakin Farko tana riƙe da ƙanana irin na mazaɓu. Hukumar KSCHMA kuma tana tafiyar da tsarin taimakekeniyar lafiya. A ɓangaren kasuwa, a watan Fabrairun 2024, bayan hukuncin babbar kotun tarayya, NAFDAC da Majalisar Masana Harhaɗa Magunguna sun rufe shaguna sama da dubu a Sabon Gari da kewayenta domin a tilasta wa dillalai komawa cibiyar sarin magani ta Dangwauro.

Duk waɗannan suna tsayawa ne a bakin ƙofar ɗakin ganin likita. Suna iya tabbatar da cewa seftiriyazon ɗin da ke sito, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, na gaske ne, kuma an saye shi a farashi mai kyau. Ba sa iya hana a ɗura wa yaro mai mura shi.

A cikin asibitocin kuwa, binciken da Joseph Fadare da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya duba manyan asibitoci goma sha biyu a sassan Nijeriya, ya samu shida ne kawai ke da kwamitin magunguna, kuma uku daga cikin shidan ne ke da ƙaramin kwamitin da ke kula da magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Waɗannan asibitocin koyarwa ne da makamantansu, inda farfesoshi da manyan masana harhaɗa magunguna suke a jibge. Idan rabinsu ba su da kwamiti, to ba ƙarancin masana ba ne ya hana. A ganin wannan nazari, abin da ya hana shi ne kwamiti yana taɓa abu biyu da kowa ke kishi: 'yancin likita ya rubuta abin da ya ga dama, da ikon shugabannin asibiti kan kwangilar saye.

5.0 Darasin magnesiyam salfet a Kano

Babu misalin da ya fi bayyana tsadar rashin mai yanke hukunci kamar na jijjigar haihuwa. A 1995 wani babban gwaji na ƙasa da ƙasa ya tabbatar da cewa magnesiyam salfet ya fi diyazefam da fenitoyin hana jijjiga ta dawo wa mai ciki. A 2002 gwajin Magpie, wanda ya haɗa da mata kimanin dubu goma, ya nuna cewa maganin yana rage haɗarin kamuwa da jijjigar da fiye da rabi ga masu hawan jinin ciki. Maganin ba shi da tsada, ba ya buƙatar firiji, kuma yana cikin jerin Hukumar Lafiya ta Duniya. Duk da haka, diyazefam aka ci gaba da yi wa mata a yawancin asibitocin Arewa.

A 2008 ne aka shigo da shi asibitocin gwamnati goma a jihar Kano, da haɗin gwiwar ma'aikatar lafiya da ƙungiyar Population Council. Jamilu Tukur na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa sun ba da rahoton cewa yawan mace-macen masu jijjiga da matsanancin hawan jinin ciki ya sauka daga kashi 20.9 cikin 100 zuwa kashi 2.3. Tsakanin 1995 da 2008 shekara goma sha uku ce.

Yana da kyau a tsaya a duba abin da aka yi a shirin, domin ba kwalaben magani kawai aka sauke a sito ba. An horar da likitoci da ungozomomi, an rubuta ƙa'idar bayarwa a sauƙaƙe, an tabbatar maganin yana nan a ɗakin haihuwa, an kuma riƙa tattara alƙaluma. Dalilin da ya sa ma'aikata suke ɗari-ɗari da maganin shi ne tsoron gubarsa, tunda idan ya yi yawa yana iya danne numfashi. Maganin wannan tsoro shi ne a koya wa ungozoma alamomi uku da za ta riƙa dubawa ba tare da na'ura ba, wato harbin gwiwa idan an ƙwanƙwasa, da yawan numfashi a minti, da yawan fitsari, sannan a ajiye mata makarinsa, kalsiyam gulukonet, a kusa. Zaɓen magani, da rubuta ƙa'ida, da horarwa, da tabbatar da samuwa, da awo: wannan shi ne aikin kwamitin magunguna daga farko har ƙarshe. Bambancin kawai shi ne a nan wani shiri mai tallafi daga waje ne ya yi shi, kuma kowane shiri yana da ranar ƙarewa. Kwamiti shi ne hanyar da asibiti zai yi wa kansa wannan aiki ba tare da jiran baƙo ba.

Irin wannan hukunci yana nan tafe a kan zubar jini bayan haihuwa. Oksitosin, maganin da ake hana wannan zubar jini da shi, wanda mata suka fi sani da ruwan naƙuda, yana buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8. Binciken Chimezie Anyakora da abokan aikinsa, wanda aka wallafa a 2018, ya samu kashi 74.2 cikin 100 na samfuran oksitosin da aka tattara a Nijeriya sun faɗi gwajin ƙarfi, haka ma kashi 33.7 na misoforostol, wani maganin zubar jinin. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, ga wutar lantarki yadda kowa ya santa. Tun 2019 jerin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙunshi kabetosin mai jure zafi. A 2023 kuma gwajin E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya, ya nuna cewa auna jinin da ya zuba da leda mai ma'auni, tare da bayar da magunguna a dunƙule nan take, yana rage munanan sakamakon zubar jini da kashi 60 cikin 100. Shin a sayi kabetosin domin ƙananan asibitocin da ba su da firiji mai aiki, ko a ajiye oksitosin a firijin rigakafi mai amfani da hasken rana? Nawa za a ware wa taranekzamik asid, mai taimakawa wajen tsayar da jini? Babu likita ɗaya ko ma'ajin sito ɗaya da ya kamata ya amsa waɗannan shi kaɗai.

6.0 Kuɗi: inda kundi yake rayuwa ko ya mutu

Tun Shirin Bamako na 1987, asibitocin gwamnati a yankinmu sun dogara da asusun jujjuya kuɗin magani: a ba asibiti jari, ya sayar da magani da 'yar riba, ya sake sayo wani. Tsarin ya rage jin kalmar nan da majinyata suka haddace, "babu, a je waje a sayo". Amma yana da aibin da ba a cika faɗa ba. Asibitin da ribar magani ke taimaka masa wajen tafiyar da harkokinsa yana da dalilin son a rubuta magani da yawa, da mai tsada. Ba sai an samu mai mugun nufi ba. Tsarin da kansa yana karkata can. Idan aka ƙara da ziyarar wakilan kamfanoni, da majinyacin da ba ya jin an duba shi sai an yi masa allura ko ƙarin ruwa, sai a ga duk iskar tana kaɗawa ɓangare guda.

A ɗaya gefen, tsarin taimakekeniya da Asusun Kula da Lafiya Matakin Farko suna ja ta wata fuskar. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun, ta kuma keɓe kashi 20 na wannan kuɗi ga magunguna da rigakafi da kayan aiki. Inda ake biyan asibiti kuɗi ƙayyadadde kan kowane mutum da ya yi rajista, ribarsa tana cikin rage magani. Ke nan ma'aikaci ɗaya yana iya ganin majinyata biyu masu cuta iri ɗaya, aljihun asibiti yana son a cika wa ɗaya leda, a tsuke wa ɗayan. Ƙa'idar jiyya da kwamiti ya rubuta ita ce kariyar su biyun.

Hanyoyin da kwamiti ke bi wajen duba kuɗi ba su da wahala. Na farko, a jera magungunan da aka saya a shekara bisa kuɗin da kowanne ya ci. Kusan ko'ina akan tarar da kashi 10 zuwa 20 na nau'o'in magani sun cinye kashi 75 zuwa 80 na kuɗin. Na biyu, a kasa magungunan gida uku: na ceton rai, da na buƙata, da waɗanda rashinsu ba ya kisa. Idan aka ɗora jeri na farko a kan na biyu, duk maganin da ya fito a sahun masu cin kuɗi alhali yana gida na uku, misali ruwan ƙarin jini mai sunan kamfani ko haɗe-haɗen bitamin, ya zama abin tuhuma. Wannan lissafi ya ƙara zama dole tun daga 2023, lokacin da aka saki darajar naira a watan Yuni, kamfanin magunguna na GSK ya sanar da janyewa daga Nijeriya a watan Agusta, farashin magunguna da yawa ya ninka. Idan jari ya tsuke, wani abu dole ya fita daga sito. Idan ba kwamiti ne ya zaɓi abin da zai fita ba, to maganin da ba ya tafiya da sauri ne zai fita, kuma a cikinsu akwai maganin dafin maciji, da kalsiyam gulukonet, da adirenalin, waɗanda ba a nemansu kullum amma ranar da aka neme su rai ne a kai. A yankin noma da ke bakin kogi irin Wudil, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Saboda haka kwamitin da ba ya sa hannu a takardar odar da za a aika wa DMCSA, shawara kawai yake bayarwa. Kundinsa zai zauna a durowa, abin da ke kan kanta kuma shi zai zama kundin gaskiya.

7.0 Awon alƙalami

A 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar INRUD sun fitar da ma'aunai biyar na rubuta magani: matsakaicin yawan magani a takarda ɗaya, da kason da aka rubuta da sunan asali ba na kamfani ba, da kason takardun da ke da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da na masu allura, da kason da ya fito daga jerin muhimman magunguna. Takarda 100 daga asibiti ɗaya ta isa a kwatanta shi da wani. Alƙaluman da duniya ke auna kanta da su, wato magani 1.6 zuwa 1.8 a takarda, maganin kashe ƙwayoyin cuta kashi 20 zuwa 26.8, allura kashi 13.4 zuwa 24.1, daga Nijeriya suka fito, daga aikin Ambrose Isah na Jami'ar Benin da abokansa. Bitar da Richard Ofori-Asenso da abokansa suka wallafa a 2016 kan asibitocin matakin farko a Afirka ta samu magani 3.1 a takarda, maganin kashe ƙwayoyin cuta a kashi 46.8, allura a kashi 25.

Ya kamata a yi hattara da waɗancan alƙaluma na mizani. An samo su ne daga irin cututtukan da ke zuwa asibiti a kudancin ƙasar. A Utai, takardun watan Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya cika benci, ba za su yi kama da na hunturu ba, lokacin tari da ciwon ƙirji. Abin da ya fi amfani shi ne asibiti ya gwada kansa da kansa, damina da damina, ya kuma gwada ma'aikaci da ma'aikaci.

Wuri biyu ne awon zai fi saurin biya. Na ɗaya zazzaɓi. Nijeriya ta bar kulorokwin ta koma haɗin atemisinin a 2005, kuma tun 2010 ƙa'idar duniya ita ce a yi gwaji kafin a ba da magani. Gwajin AQUAMAT na 2010 ya nuna allurar atesunat ta rage mutuwar yara masu matsanancin zazzaɓi da kashi 22.5 idan aka kwatanta da kwinin. Tambayoyin kwamiti a nan gajeru ne: mutum nawa aka ba maganin zazzaɓi bayan gwaji ya nuna babu? Mutum nawa aka yi wa allura alhali suna iya haɗiyar ƙwaya? Na biyu magungunan kashe ƙwayoyin cuta. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa su rukuni uku: na fara jiyya kamar amoksisilin da metronidazol, na sa ido kamar seftiriyazon da sifrofuloksasin, da na ajiya domin ranar da komai ya gaza. Babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya sa burin kashi 70 na amfani ya fito daga rukunin farko kafin 2030. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya danganta mutuwar mutum miliyan 1.27 a 2019 kai tsaye ga bijirewar ƙwayoyin cuta, kuma yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen bisa adadin jama'a. Asibitin da ba shi da ɗakin gwajin da zai tantance wane magani ne ke kashe wace ƙwayar cuta yana iya farawa da ƙa'ida mai sauƙi: duk wanda ya rubuta maganin rukuni na biyu ya rubuta dalili, a kuma sake duba majinyacin bayan kwana biyu ko uku.

Rahoton illar magani shi ma a nan yake. Nijeriya ta shiga shirin sa ido na duniya a 2004, akwai fom mai ruwan ɗorawa na NAFDAC, akwai manhajar waya tun 2020. Fom ɗin ba ya cika kansa. Sai an ɗora wa wani alhakin tattarawa da karantawa a zaman kwamiti.

8.0 Hurumin da ya wuce katangar asibiti

A ƙananan asibitocin karkara, yawanci ba likita ne ke rubuta magani ba. Jami'an lafiya na matakin farko ne, waɗanda jama'a ke kira malaman asibiti ko ma likita, suna aiki da littafin umarni na ƙasa, kuma manufar raba ayyuka ta 2014 ta ƙara musu hurumi. Kafa cikakken kwamiti a kowane irin wannan asibiti ba zai yiwu ba, ma'aikatan ba su kai ba. Kwamitin da ya tsaya a cikin katangar babban asibiti kuma yana ganin majinyacin Utai ne a ƙarshen tafiyarsa, bayan ya sha kafso daga kemis, an yi masa allura a ƙauye, an ɓata alamomin da likita zai dogara da su.

Mafita ita ce tsarin gunduma irin na Afirka ta Kudu: kwamiti ɗaya mai zama a Wudil, wanda ya haɗa babban likitan asibiti, da shugaban sashen magani, da shugabar ma'aikatan jinya, da mai kula da ɗakin gwaji, da akanta, tare da shugaban sashen lafiya matakin farko na ƙaramar hukuma da wakilan masu riƙe da asibitocin mazaɓu, ana karɓa-karɓa. Kundin zai zama ɗaya mai matakai, yana nuna abin da za a iya bayarwa a Utai, da abin da sai a Wudil. Amfaninsa ya fi fitowa a inda jiyya ke farawa a ƙauye ta ƙare a gari. Mai jijjiga tana buƙatar alluran farko na magnesiyam salfet, giram 14 bisa tsarin Pritchard, kafin a ɗora ta a mota. Yaro mai matsanancin zazzaɓi yana buƙatar atesunat kafin a kama hanya. Idan ƙa'idar ɓangarorin biyu ɗaya ce, kuma takardar turawa ta faɗi abin da aka bayar da lokacin da aka bayar, ungozomar Wudil za ta san ƙarfe nawa allura ta gaba za ta faɗo.

Cikas ɗin na mulki ne. Babban asibiti yana ƙarƙashin hukuma ɗaya, ƙananan suna ƙarƙashin wata, kowacce da layin umarninta da asusunta. Babban likita a Wudil ba shi da ikon tuhumar ma'aikacin da ba a ƙarƙashinsa yake ba. Don haka kwamitin yana buƙatar takardar kafawa daga ma'aikatar lafiya ta jiha, wadda hukumomin biyu da DMCSA suka sa wa hannu, mai fayyace cewa odar magani daga kowane asibiti a ƙaramar hukumar za ta bi kundin, kuma duk memba zai bayyana alaƙarsa da kamfani ko shagon magani. Sharaɗin ƙarshen nan yana da nauyi a ƙaramin gari, inda ba abin mamaki ba ne ma'aikacin lafiya ya mallaki kemis ko ɗan'uwansa ya mallaka.

Masu kemis kansu ba za su zama membobi masu ƙuri'a ba, domin suna da riba a cikin hukuncin, kuma lasisinsu na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne. Sai dai watsi da su kuskure ne, tunda su ne matakin farko na tsanin. Ana iya ba ƙungiyarsu kwafin ƙa'idojin zazzaɓi da gudawa da tarin yara, a gayyace su horo, a riƙa nuna musu alƙaluman majinyatan da suka iso asibiti a makare. Kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda dagaci da limamai da wakilan mata suke ciki, shi ne ƙofar da za a bi a yi wa jama'a bayanin dalilin da ya sa malamin asibiti ya ƙi yin allura, don kada a ɗauka rowa ce ko rashin iya aiki. Awon farko kuwa ba ya buƙatar tallafin kowa: takarda 100 daga rajistar kowane asibiti a cikin mazaɓu goma, sau ɗaya a damina sau ɗaya a rani, aikin da ɗaliban jami'ar Wudil ko na makarantun koyon aikin lafiya za su iya yi a ƙarƙashin kulawar sakataren kwamitin.